Shaƙuwa a Titin Dumaine

Shekara goma sha tara ina bakin ƙofar nan,
kujera ɗaya, akwatin kuɗi, hatimin tawada.
Na san wanda kiɗa ya kawo,
na san wanda ruwan sama ya koro.

Daren Talata suka iso a jiƙe:
uba da taswirar da ta narke masa a hannu,
yarinya 'yar shekara shida,
da ƙaninta yana barci a kafaɗa, baki buɗe.
Daga Porto muke, in ji shi.
Gida uku sun maido mu,
wai inda ake sayar da giya yaro ba ya shiga.
Na ce, mu nan ko ruwa ba ma sayarwa.
Benci gare mu, da fanka mai gardama,
da tsofaffi biyar da suka ƙi ajiye sana'a.
Biya naka. Ƙasa kuwa kyauta ce ga yara.

Benedita ta wuce gaba, ta naɗe ƙafa
dab da takalmin Cleophas mai ganga.
Da Lucien ya ɗaga ƙaho, ta toshe kunnuwa.
Can ta saki yatsa ɗaya
kamar mai gwada zafin ruwan wanka.
Can ta manta da hannuwan.

Sai aka zo kan taken da muke raka gawa da shi,
wanda ake ja a hankali,
ƙafa na jiran ƙafa.
Ɗaki ya yi tsit. Har fankar ta ji nauyi.

Hik.

Wata mata ta waiwayo.

Hik.

Uban ya yi jawur har kunne.
Ya hau tattara riguna da hannu guda,
yana ba kowa haƙuri da ido.
Na san wannan kunyar, ta baƙo ce,
ta wanda ya taka tabarmar mutane da laka.

Cleophas bai yi murmushi ba.
Ƙirga yake yi, na ga leɓensa.
Da ta sake, ya amsa da bakin ganga:
hik, tak.
Ya jira.
Hik, tak.

Ozémé mai katon gogen nan da ya fi shi tsayi
ya bar gurbi tsakanin igiya da igiya,
yadda ake muskutawa a benci don wani ya zauna.
Ta faɗa ciki daidai.
Lucien ya sauke ƙahon ya dube ta,
ya mayar, ya tambaye ta wani abu da shi.
Ba ta jin yarenmu, mu ma ba ma jin nata,
amma amsa ta zo kan lokaci.

A garin nan da kuka muke zuwa maƙabarta,
da rawa muke dawowa.
Daren nan ba mu kai ba muka juyo.
Benci ya hau girgiza,
matar nan mai waiwaye tana kaɗa hankici,
ƙanin ya farka, ya ga duniya ta haukace,
ya koma barci.

Sai Cleophas ya ɗaga sanda ya tsaya.
Kowa ya tsaya.
Shiru.
Shaƙuwar ta tafi abinta.
Benedita ta buɗe tafukan hannu: ta ƙare.
Dariyar da aka yi, sai da ƙura ta zubo daga rufi.

A ƙofa uban ya fito da alƙalami.
Yaya sunan wannan kiɗan? Ina zan saya?
Na ce, babu shi.
Sau ɗaya aka yi shi, kuma 'yarka ce ta ja gaba.
Ta miƙo hannu, na buga mata hatimi.
Ta miƙo ɗayan.

Ina shara, ina jin Cleophas a cikin duhu
yana ƙwanƙwasa benci da yatsa,
yana neman wurin.
Ya ce, Eulalie, ya ƙi fitowa.
Na ce, kashe fankar mu tafi.